Yadda ake saita ma'ajiyar Cloudflare ga shafin labarai na WordPress

Da yawa daga cikin masu shafi, da zarar sun mayar da DNS ɗinsu, wato tsarin da ke haɗa sunan shafi da sabarsa, hannun Cloudflare, suka ga alamar gajimaren nan ta koma ruwan goro, sai su ɗauka aiki ya kammala. A wannan matakin kuwa hotuna ne da fayilolin CSS da JavaScript da makamantansu kaɗai ake ajiyewa. Shi ainihin shafin da mai karatu ya buɗe, wato HTML ɗin, har yanzu sai an je sabarka, wato kwamfutar da shafinka ke zaune a kanta, an haɗo shi duk lokacin da wani ya latsa. Idan sabar tana Frankfurt ko Landan, mai karatu kuma yana Kano ko Damagaram riƙe da waya, nisan nan yana gani a ƙasa. Ranar da babban labari ya fashe, irin daren da ake dakon sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, ƙaramar sabar haya takan durƙushe saboda ana tambayar ta shafi guda sau dubbai, ita kuma tana sake haɗa shi daga farko kowane karo.

Cloudflare CDN ne, wato mai rarraba shafuka. Aikin CDN shi ne ya ajiye kwafin abin da sabarka ta bayar a cibiyoyinsa da ke warwatse a duniya, ya riƙa miƙa wa mutane daga wurin da ya fi kusa da su. Kamar mai shagon unguwa ne da ke sarin kaya daga kasuwar Singa: ba kowa ne zai shiga kasuwa don sabulu ɗaya ba, amma dole mai shagon ya san abin da ke jure ajiya, da abin da ke lalacewa kafin yamma, da abin da wani ya yi oda da sunansa wanda bai halatta a miƙa wa kowa ba sai shi. Cloudflare yana da cibiyoyi a birane sama da 300, ciki har da Legas.

Tsarin da zan bi a nan ya ginu a kan ra'ayi guda: sabarka ce ta san abin da ke cikin kowane shafi, saboda haka ita ya kamata ta faɗi tsawon lokacin da za a ajiye shi, Cloudflare kuma ya bi umarni. Akwai hanyar da ta fi wannan gajarta, wadda ake tilasta wa Cloudflare ya ajiye komai ko da me sabar ta ce. Zan zo kanta, da dalilin da ya sa nake hana mutane bin ta.

Mataki na farko: duba halin da ake ciki kafin ka taɓa komai

Shiga sashen DNS a allon Cloudflare, ka tabbata sunan shafinka da na www duk suna kan "Proxied", gajimare ruwan goro. Idan ruwan toka ne, an rubuta "DNS only", to babu wata buƙata da ke ratsawa ta Cloudflare, duk saitin da za ka yi kuma zai tafi a banza.

Sannan buɗe tagar umarni a kwamfutarka ka rubuta wannan, ka sa sunan shafinka a madadin example.com:

```
curl -sI https://example.com/
```

Mai amfani da PowerShell a Windows ya rubuta `curl.exe`. Wanda bai saba da wannan ba ya buɗe shafin a Chrome ko Firefox, ya danna F12, ya shiga "Network", ya sake loda shafin, ya latsa layin farko. Abin da zai fito jerin heda ne, wato bayanan da ke rakiyar kowace amsa. Guda huɗu muke nema: `cf-cache-status`, `cache-control`, `age` da `cf-ray`.

`cf-cache-status` shi ne zai zama abokin aikinka har ƙarshe. HIT na nufin daga ma'ajiya aka ba ka. MISS na nufin abin ya cancanci ajiya amma ba a same shi ba, an je sabarka an ɗauko. EXPIRED na nufin akwai kwafi amma wa'adinsa ya cika. DYNAMIC na nufin Cloudflare bai ma ɗauki abin a matsayin na ajiya ba, shi ne kuma kusan tabbas za ka gani a shafin farko yanzu. BYPASS na nufin ya so ya ajiye amma sabarka ta hana. `age` yana faɗin daƙiƙu nawa kwafin ya yi a ajiye. Haruffa uku na ƙarshen `cf-ray` kuma su ne sunan cibiyar da ta amsa maka, da lambar filin jirgin garin: LOS Legas ke nan, LHR Landan, AMS Amstadam. Kada ka yi mamaki idan kana Kaduna ka ga Landan, domin hanyar da kamfanin layinka ya bi da kai ita ke yanke wannan, ba taswira ba.

Maimaita gwajin da adireshin hoto ɗaya da fayil ɗin CSS ɗaya, ka rubuta sakamakon a gefe don kwatantawa daga baya.

Yana da kyau ka san abin da Cloudflare ke yi idan ba a gaya masa komai ba. Ƙarshen sunan fayil yake dubawa, irin su jpg, png, webp, css, js, pdf da mp3. Ba ya ajiye HTML da JSON. Idan sabar ba ta faɗi wa'adi ba, amsa mai lamba 200 ko 301 tana zama minti 120, mai 302 minti 20, mai 404 minti 3. Ba ya ajiye amsar da ta zo da `private`, `no-store`, `no-cache` ko `max-age=0`, ko wadda ta zo da `Set-Cookie`.

Mataki na biyu: sa wa fayilolin da ba sa sauyawa wa'adi

Wannan ɓangaren ba shi da wuya. Idan shafinka yana kan Apache ko LiteSpeed, kamar yawancin masu cPanel, buɗe fayil ɗin `.htaccess` ka ƙara wannan a wajen layukan da WordPress ya keɓe wa kansa tsakanin BEGIN da END, domin abin da aka sa a ciki yakan goge shi:

```
<IfModule mod_headers.c>
  <FilesMatch "\.(jpg|jpeg|png|gif|webp|avif|svg|ico|woff|woff2|pdf|mp3)$">
    Header set Cache-Control "public, max-age=31536000, immutable"
  </FilesMatch>
  <FilesMatch "\.(css|js)$">
    Header set Cache-Control "public, max-age=2592000"
  </FilesMatch>
</IfModule>
```

Da daƙiƙa ake lissafi: 31536000 shekara guda, 2592000 kwana 30, 86400 kwana ɗaya, 3600 awa ɗaya. `immutable` yana gaya wa burauza cewa fayil ɗin ba zai sauya ba, kada ta ɓata data wajen tambaya. Mai nginx zai yi daidai wannan da `location` da `add_header`.

Hotuna sun samu shekara ne saboda WordPress ba ya ɗora sabon hoto a kan tsoho mai suna ɗaya, lamba yake ƙara wa sunan, adireshin ya zama sabo. Inda ake samun matsala shi ne ka goge hoto sannan ka ɗora wani da ainihin sunan a cikin wata guda. Adireshi bai sauya ba, wanda ya riga ya ga tsohon zai ci gaba da ganinsa. Ka saba wa kanka da ba sabon hoto sabon suna.

CSS da JavaScript na rage musu zuwa wata ɗaya saboda dogaronsu a kan wutsiyar `?ver=` da WordPress ke liƙa musu yake. Idan an sabunta jigo (theme, mai tsara fasalin shafi) ko fulogin (ƙaramar manhajar da ake ƙara wa WordPress), lambar takan sauya, kowa ya samu sabo. Amma idan da hannunka ka gyara `style.css` ba ka ɗaga lambar ba, masu karatu za su zauna da tsohon har wa'adi ya cika. Saboda wannan wutsiyar ne kuma za ka bar "Caching Level" a kan "Standard".

Mataki na uku: hana Cloudflare sauya maka wa'adin burauza

Shiga "Caching", sannan "Configuration", ka nemi "Browser Cache TTL". Za ka tarar da shi a kan awa 4. Ma'anarsa, duk abin da aka ajiye wanda sabarka ta ba wa'adin da bai kai awa 4 ba, Cloudflare zai ɗaga shi zuwa awa 4 kafin ya miƙa wa burauza. Ga hoto wannan ba komai ba ne. Ga shafin labari kuwa babbar illa ce, domin ma'ajiya biyu ce ke aiki: ta Cloudflare, wadda kake iya gogewa duk lokacin da ka so, da ta cikin wayar mai karatu, wadda hannunka ba ya kaiwa gare ta. Labarin da ya shiga wayar mutum da wa'adin awa 4, ko ka gyara kuskuren da ke ciki, yana iya ci gaba da ganin tsohon har awannin su cika. Mayar da saitin kan "Respect Existing Headers".

Mataki na huɗu: dokar kariya, kafin dokar sauri

A nan nake so mai karatu ya fi nutsuwa. Ranar 25 ga Disamban 2015, dandalin sayar da wasannin kwamfuta na Steam ya fuskanci harin cunkoso. A ƙoƙarin rage wa sabobin nauyi aka sa wani saitin ma'ajiya da ya yi kuskuren ajiye shafukan mutanen da suka shiga asusunsu. Na kusan awa ɗaya da rabi, mutane suka riƙa buɗe shafi suna ganin bayanan wasu, har da adireshin imel da tarihin sayayya. Kamfanin Valve, mai dandalin, ya ce abin ya shafi kimanin mutum 34,000. Ba kutse aka yi aka sace bayanan ba, saitin ma'ajiya ne ya raba su. Shafin da ya yi jinkiri, mai karatu zai yi tsaki ya jira. Shafin da ya nuna wa baƙo lambar wayar wani da adireshin gidansa kuwa ya ci amanar da aka ba shi.

Don haka dokar hana ajiya za ka fara rubutawa. Shiga "Caching", sannan "Cache Rules", ka latsa "Create rule". Tsarin kyauta yana ba da doka 10, mu uku za mu yi amfani da su. Sa mata suna, ka zaɓi "Custom filter expression", ka latsa "Edit expression", ka liƙa wannan:

```
(starts_with(http.request.uri.path, "/wp-admin"))
or (http.request.uri.path eq "/wp-login.php")
or (starts_with(http.request.uri.path, "/wp-json"))
or (http.request.uri.query contains "preview=true")
or (http.cookie contains "wordpress_logged_in_")
or (http.cookie contains "wp-postpass_")
or (http.cookie contains "comment_author_")
```

A ƙarƙashin "Cache eligibility" zaɓi "Bypass cache", ka latsa "Deploy".

Layuka huɗun farko wurare ne: ɗakin gudanarwa, ƙofar shiga, hanyar da edita da fulogin ke magana da sabar, da duban rubutu kafin a wallafa shi. Ukun ƙarshe mutane ne, ana gane su ta kukis ɗin da burauzarsu ke ɗauke da su, wato ƙananan bayanan shaida da shafi ke ajiyewa a burauza: wanda ya shiga asusu, wanda ya buɗe rubutu mai kalmar sirri, da wanda ya taɓa barin sharhi, domin shi WordPress yakan cike masa sunansa da imel ɗinsa a fom ɗin sharhi tun daga sabar. Wannan na ƙarshen ana yawan manta shi.

Idan akwai shago na WooCommerce a jikin shafin, ƙara `/cart`, `/checkout` da `/my-account`, da kukis ɗin `woocommerce_items_in_cart` da `wp_woocommerce_session_`. Duba adireshin da kyau, domin idan ka sauya wa waɗannan shafuka suna zuwa Hausa, sunan da ke adireshin shi za ka rubuta.

Mataki na biyar: sabar ta faɗi shafukan da za a ajiye

WordPress ba ya aika `Cache-Control` a shafukan jama'a na yau da kullum, sai ka sa shi. Buɗe `functions.php` na ƙaramin jigonka, wato wanda ya gaji babban, don kada sabuntawa ta shafe aikin, ka ƙara:

```
add_action('template_redirect', function () {
    if (is_user_logged_in() || is_preview() || is_search() || post_password_required()) {
        return;
    }
    if (is_front_page() || is_home() || is_singular('post') || is_archive()) {
        header('Cache-Control: public, max-age=60, s-maxage=300');
    }
});
```

Kafin ka taɓa wannan fayil ɗin ka ajiye kwafinsa, ka kuma tabbata kana da hanyar shiga ta cPanel ko FTP, domin alama ɗaya da ta ɓace tana iya rufe shafin gaba ɗaya.

Lura da yadda aka gina shi. Ba a ce a ajiye komai ban da kaza da kaza ba. An lissafa abin da aka yarda a ajiye ne: shafin farko, labarai, da shafukan rukuni. Duk wani shafi da wani fulogin zai ƙirƙiro gobe, wanda ba ka san da shi ba, ba zai shiga ma'ajiya ba sai ka sa shi da kanka.

`max-age=60` na burauza ne, minti ɗaya. `s-maxage=300` na ma'ajiyar da jama'a ke tarayya a kanta ne, wato Cloudflare, minti biyar. Wani zai ga minti biyar ya yi kaɗan. Yi lissafi: a kowace cibiya, shafi ɗaya zai nemi sabarka sau 12 ne kacal a awa, ko mutum ɗari ne suka buɗe shi ko dubu ɗari. Kusan duk sauƙin da ake nema an same shi a nan. Ɗaga wa'adin zuwa kwana guda ba zai ƙara wa labarin da ake rububi wani abin kirki ba, sai dai ya jawo haɗarin tsohon labari ya kwana a shafin farko bayan al'amari ya sauya. Akwai kuma wani dalili: lambobin tsaro da WordPress ke sakawa a cikin fom suna mutuwa tsakanin awa 12 zuwa 24, shafin da aka ajiye fiye da haka fom ɗinsa yakan daina aiki. Shafin da rubutunsa ba ya tsufa, kamar na girke-girke ko darussa, yana iya kai `s-maxage` awa ɗaya ko biyu ba tare da damuwa ba.

Kalmomi uku suna rikita mutane a wannan heda. `no-store` shi ne kada a ajiye sam. `private` shi ne burauzar mutumin kaɗai za ta ajiye, ban da CDN. `no-cache` kuwa, a ƙa'idar HTTP, ya yarda a ajiye, amma sai an koma an tambayi sabar kafin a yi amfani da kwafin. Ga shafin da ke ɗauke da bayanan mutum, `private, no-store` ake sawa.

Mataki na shida: dokar ajiye HTML

Koma "Cache Rules" ka ƙirƙiri doka ta biyu da wannan sharaɗi:

```
(http.host eq "example.com") or (http.host eq "www.example.com")
```

Zaɓi "Eligible for cache". A "Edge TTL" za ka ga zaɓi uku. Ɗauki "Use cache-control header if present, bypass cache if not", wato a bi abin da sabar ta ce, idan ta yi shiru kada a ajiye. Wannan ne ya sa muka fara da mataki na biyu: daga yanzu duk fayil ɗin da ba shi da heda ba za a ajiye shi ba, don haka idan kana da wani nau'in da ba ya cikin jerin can, kamar docx ko zip, koma ka ƙara shi.

Zaɓin da na ce zan dawo kansa shi ne "Ignore cache-control header and use this TTL". Yana da jan hankali domin ba ya buƙatar taɓa sabar. Amma da ka kunna shi, Cloudflare ya daina sauraron `private` da `no-store`, kariyar da WordPress da fulogin suka gina ta rushe, abin da ya rage tsakaninka da irin abin da ya faru da Steam shi ne dokar kariyarka kaɗai, ita kuma ba ta san abin da ka manta ba. Ƙari a kan haka, a tsarin kyauta mafi ƙarancin wa'adin da wannan zaɓin ke karɓa awa 2 ne, alhali ta hanyar `s-maxage` minti biyar ɗinka na aiki.

Sai jeri, wanda shi ma kuskure a cikinsa yana da tsada. A "Cache Rules", idan doka biyu suka dace da buƙata ɗaya kuma suka saɓa wa juna, ta ƙarshe ce ke rinjaye. Wanda ya saba da tsohon tsarin "Page Rules", inda ta sama ke rinjaye, yakan jera su a juye. Ja dokar kariya zuwa can ƙasan jerin, ta ajiya ta zauna a sama. Idan kuma akwai tsofaffin "Page Rules" masu taɓa ma'ajiya, cire su, kada umarni ya riƙa fitowa daga wuri biyu.

Mataki na bakwai: gwaji

Aika `curl -sI` zuwa shafin farko sau biyu a jere. Na farko MISS, na biyu HIT, `age` kuma ya fara hawa. Wani lokacin sai an yi sau uku. Jira minti shida ka sake, ya kamata ka ga EXPIRED. Sannan gwajin da ya fi kowanne muhimmanci:

```
curl -sI -H "Cookie: wordpress_logged_in_gwaji=1" https://example.com/
```

Dole ka ga DYNAMIC ko BYPASS. Idan HIT ya fito, kashe dokar ajiya nan take ka duba jerin. Bayan haka yi gwajin ido: shiga asusunka a burauza ɗaya, ka zagaya shafuka, sannan ka buɗe waɗannan shafukan a wata wayar da ba ta taɓa shiga ba. Baƙin layin gudanarwa na sama ko sunanka bai kamata su bayyana a can ba.

Idan shafin farko ya nace a kan BYPASS, nemi `set-cookie` a cikin hedar. Sau da yawa wani fulogin ne ke buɗe zaman PHP ga kowane baƙo, za ka gane shi da sunan `PHPSESSID`. Kashe fulogin ɗaya bayan ɗaya har ka gano mai yin haka, sannan ka nemi saitinsa ko madadinsa. Idan kuma `cache-control` ɗin da ka rubuta bai fito ba, mai yiwuwa wani fulogin na ma'ajiya a kan sabar ne ke miƙa shafin kafin PHP ɗinka ya yi aiki, sai a saita hedar daga cikinsa.

Akwai jigogin da ke aika wa waya HTML dabam da na kwamfuta. Cloudflare ba ya raba kwafi bisa `Vary: User-Agent`, don haka wanda ya fara zuwa shi ke yanke fasalin da kowa zai gani. Idan jigonka irin wannan ne, kunna "Cache by device type" a ƙarƙashin "Cache key" a dokar ajiya. Jigon da ke daidaita kansa da faɗin allo ta CSS ba ya buƙatar wannan.

Mataki na takwas: wutsiyar Facebook

Shafukan labaran Hausa da dama daga Facebook masu karatunsu ke shigowa, shi kuma yana liƙa wa adireshi wutsiyar `?fbclid=` da dogon jerin haruffa da ke bambanta daga latsawa zuwa latsawa. A wurin Cloudflare kowane irin wannan adireshi sabon shafi ne, sai ya zama mutanen da ka yi duk aikin dominsu MISS suke samu. Kashe duban wutsiya gaba ɗaya ba mafita ba ce, domin bincike da `?s=` yake aiki, sigar CSS kuma da `?ver=`. Doka ta uku za ta kama adireshin da ba shi da wata wutsiya sai ta Facebook:

```
(starts_with(http.request.uri.query, "fbclid=") and not http.request.uri.query contains "&")
```

Zaɓi "Eligible for cache", ka ba ta "Edge TTL" irin na doka ta biyu, ka kunna "Ignore query string" a "Cache key". Sharaɗin rashin alamar & yana hana sakamakon bincike ya samu hanyar zama a gurbin shafin farko. Wurinta tsakiya: ƙasa da dokar ajiya, sama da dokar kariya. Gwada da wutsiya biyu mabambanta a labari ɗaya, ta biyun ta ba ka HIT.

Kafin ka bar sashen, shiga "Tiered Cache" ka kunna "Smart Tiered Caching", wanda ke cikin tsarin kyauta. Da shi, cibiyar da ba ta da kwafi takan fara tambayar wata babbar cibiya da ke kusa da sabarka maimakon kowacce ta zo da kanta.

Gogewa idan an yi gyara

Da wa'adin minti biyar, yawancin gyara za su bayyana da kansu. Idan abin ba ya jira, kamar an yi kuskuren suna a labarin rasuwa ko alƙaluman zaɓe, shiga "Caching", "Configuration", "Custom Purge", ka zaɓi "URL". Sa adireshin labarin, da na shafin farko, da na rukunin da yake ciki, domin kanun labarin yana zaune a duk wuraren. Rubuta adireshin cif yadda yake, da https, da www idan akwai, da alamar / ta ƙarshe idan akwai. Fulogin ɗin Cloudflare na WordPress yana iya yin wannan gogewar da kansa duk lokacin da aka sabunta rubutu.

"Purge Everything" yana zubar da komai, har hotunan shekaru, sai duk cibiyoyi su dawo kan sabarka a lokaci guda. Ajiye shi don babban sauyi kamar canza jigo, ka kuma yi shi lokacin da jama'a suka ragu. Idan gyaran fasali kake yi kana son ganin sakamako nan take, kunna "Development Mode". Yana tsallake ma'ajiya na awa 3 sannan ya kashe kansa, amma ba ya goge abin da ke ciki, don haka bayan ka gama sai ka goge fayilolin da ka taɓa.

Masu ɗora karatuttuka da wa'azi su lura da iyaka biyu. A tsarin kyauta da Pro da Business, fayil ɗin da ya wuce MB 512 ba ya shiga ma'ajiya. Sannan sharuɗɗan Cloudflare sun taƙaita amfani da CDN ɗin wajen rarraba bidiyo da manyan fayiloli masu yawa ga wanda ba ya kan hidimomin da aka tanada don haka, irin su Stream da R2. Bidiyo ya tafi YouTube ko ɗaya daga cikin waɗannan, shafin ya ɗauki mahaɗinsa.

Wanda ke amfani da wani CDN, kamar CloudFront na Amazon ko Fastly ko Bunny, aikin da aka yi a kan sabar a mataki na biyu da na biyar yana nan daram, domin `max-age` da `s-maxage` ƙa'idar HTTP ce, wadda RFC 9111 na 2022 ya tsara. Sunayen maɓallai da hedar gwaji ne ke sauyawa. A CloudFront `x-cache` za ka duba, inda zai rubuta "Hit from cloudfront" ko "Miss from cloudfront", sannan ka sa "Minimum TTL" a kan sifili, domin idan ya haura haka yana ajiye amsa ko da sabar ta ce `private` ko `no-store`.